Ruwan da Ya Ƙi Tafasa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da ni.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

A unguwar Cloonbeg, can bayan garin Galway, inda gidaje suka ƙare makiyayar tumaki ta fara, akwai wani direban bas mai suna Fintan Hession, da matarsa Dervla, da 'yarsu tilo Sorcha, wadda ba ta daɗe da shiga sakandare ba. Dervla tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Ta saba da dafa goshin marasa lafiya, har mijinta yakan ce hannunta na dama ya fi ma'aunin likita gaskiya. Ko tari ɗaya Sorcha ta yi, sai ta ji tafin uwarta a goshinta.

Wata yamma cikin kaka, rana ta yi ƙasa, yayyafi yana ta sauka a hankali, Dervla ta tara butar shayi a bakin famfo ta murɗa. Famfon ya yi tari, ya yi gurnani, sannan ya zubo da ruwa ja-ja kamar an jiƙa tsohon ƙarfe a ciki. Ta bar shi ya zuba, ya zuba, bai washe ba. Ta leƙa ta taga sai ta ga maƙwabta sun fara fitowa ƙofar gidajensu, kowa da kofin gilashi a hannu, yana ɗagawa sama yana dubawa.

Haka aka shiga. Yau ruwa ya ɗan yi haske, gobe ya koma kamar kunun ƙasa. Fararen rigunan makarantar Sorcha suka rine. Ruwan roba ya ƙare a kantin unguwa, wanda aka kawo kuma kafin azahar an kwashe. Da abin ya ishi mutane sai aka kira taro a zauren makarantar firamare, hukumar ruwa ta turo wani mutum mai taushin murya. Ya ce tsatsa ce ta tsofaffin bututu, za a canja su idan lokaci ya yi, kuma ba ya jin akwai illa.

Wani mahauci ya taso ya dire masa kwalba a kan tebur. "To ranka ya daɗe, ga shi nan, daga kicin ɗina na ɗebo. Kurɓa mu gani."

Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba, domin wata mai jego ta miƙe da jaririnta a kafaɗa ta ce, "Ni amsa ɗaya nake so. Da wannan zan dama wa ɗana madara, ko kuwa?"

Mutumin ya gyara tabarau. Ya ce abin da zai iya faɗa shi ne, duk ruwan da za a sha, ko daga ina ya fito, a tafasa shi tukuna. Ya maimaita har sau biyu. Dervla tana zaune a layin gaba, maganar ta zauna mata daram a kai.

A bayan katangar ƙarshe ta unguwar akwai wata tsohuwar rijiya, ba mai zurfi ba, idon ruwa ne da aka kewaye da duwatsu, wani itacen ƙaya ya sunkuya a kanta. A rassansa akwai tsummoki da suka koɗe, waɗanda magabata suka ɗaura sa'ad da suka zo neman lafiya, a bakinta kuma ga fararen tsakuwoyi a jere. Yaran unguwa sun san wurin, amma ba mai zuwa. Fintan ɗan cikin gari ne, ya taɓa ganin ta ne wata rana da ya bi karen maƙwabci. Da ya ga matarsa tana dafa dankali da ruwan roba tana tattali kamar mai, sai ya ɗauki jarka ya tsallaka katanga da almuru.

Ruwan garau yake, sanyi kamar ƙanƙara. Ya nutsa jarkar har ta cika, bai tsaya dubawa ba.

A hanyar dawowa ya wuce ƙofar Misis Keaveney, wata gwauruwa da ta girme wa unguwar kanta, domin a gonar mahaifinta aka gina rabin gidajen. Tana tsaye tana shigar da kyanwarta.

"Kai ɗan nan, daga ina da jarka haka?"

"Daga kamfanin ruwan kakanninki, Misis Keaveney. Su ba sa aiko da takardar biya."

Tsohuwar ba ta yi dariya ba. "Ku sha shi da sanyinsa. Kada a ɗora shi a wuta, ka ji ko? Ka gaya wa Dervla."

"An gama, ranki ya daɗe," in ji Fintan. Ya shiga gida ya ajiye jarka, ya ga lokacin aiki ya kama shi, ya sumbaci matarsa ya ce ga ruwa mai kyau nan, ya fice. Saƙon tsohuwa ya bi iska.

Dervla ta juye ruwan a babbar tukunya ta ɗora a kan gas. Ta yanka burodi, ta share tebur, ta dawo. Ruwa shiru. Ta ninke kayan wanki ta sake dawowa. Ko tururi babu. Ta tsoma yatsa, sai ta ji sanyi ya soke ta har gwiwar hannu, alhali wuta tana ci a ƙarƙashin tukunya. Ta tsaya tana kallo. Wani abu a ranta ya ce ta kashe wutar nan. Amma ta tuna mai jegon nan, ta tuna maganar mutumin hukuma, ta tuna 'yarta tana sama tana jiran shayi. Sai ta ƙure wutar, ta kifa murfi, ta danne shi da tafin hannunta na dama.

Can sai tukunyar ta yi wata ƙara siririya, kamar kukan jinjiri daga ɗaki mai nisa. Sannan ta tafasa.

Ta ɗebi na sama ta haɗa wa Sorcha shayi da madara, yarinyar ta shanye tana aikin makaranta. Sai da Dervla ta zo juye sauran a kwalabe ta ga abin da ke gindin tukunyar. Ɗan kifi ne, bai fi tsawon yatsa ba, mai ɗige-ɗige a baya, ya lanƙwashe, idanunsa sun yi fari fat. Ta kasa jefa shi a shara. Ta tona ƙasar tukunyar fure da ke bakin tagar kicin ta binne shi, ta wanke hannu, ba ta gaya wa kowa ba.

Washegari da faɗuwar rana aka fara jifa.

Da farko a kan rufi ne, ƙwas, ƙwas, a hankali kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jiran a buɗe. Fintan ya fita da tocila yana zagin yaran unguwa, bai ga kowa ba. Da ya dawo sai dutse ya faɗo a tsakiyar teburin cin abinci, tagogi a rufe, silin lafiya lau. Farar tsakuwa ce, jiƙe sharkaf, da gansakuka a jikinta. Suka zuba mata ido su uku, ba wanda ya taɓa ta.

Daga nan gidan ya daina zama nasu. Duk almuru sai famfuna su buɗe da kansu. A cikin bango, inda bututu suka bi, sai a ji murya tana tafiya daga ɗaki zuwa ɗaki, muryar mace, tana kira a hankali kamar mai neman wanda ya ɓata. Sorcha kuwa ta daina cin duk abin da ya taɓa wuta. Idan aka kunna butar shayi sai ta toshe kunne ta durƙushe a ƙasa. Gashinta kullum a jiƙe yake ko ba ta yi wanka ba. Dervla ta dafa goshinta ta ji kamar ta dafa dutsen rafi.

Aka kai ta asibiti, aka ɗebi jini, aka yi hoto, likita ta ce ba ta ga komai ba. Labari ya zaga unguwa cewa ruwan famfo ya kwantar da 'yar gidan Hession. Iyaye suka hana yaransu ko goge baki da shi, mai jegon nan ta kwashe jaririnta ta koma gidan uwarta, mata suna zuwa ƙofar Dervla suna tambaya, "Da me ya fara mata? Amai ne? Ciwon kai?" Ita kuwa sai ta sunkuyar da kai ta ce ita ma ba ta sani ba. Ta bar su da tsoronsu, domin nata ya fi ƙarfin bakinta.

Ranar da abin ya kai maƙura, Dervla ta dawo daga aiki ta ji ƙarar ruwa a sama. Ta hau da gudu. Bahon wanka ya cika yana ambaliya da jan ruwan nan, Sorcha tana durƙushe a gefensa da kayan makarantarta, kanta a nutse har wuya, hannuwanta a sake, ba ta ko motsi. Uwar ta fizgo ta da gashi. Yarinyar ta buɗe ido, ba tari, ba haki, ta dubi uwarta ta yi magana da tsohon yaren ƙasar, wanda a makaranta ko gaisuwa da ƙyar take haɗawa da shi. Muryar kuwa ta tsohuwa ce.

Ihun Dervla ne ya kawo Misis Keaveney. Tsohuwar ta shigo da sandarta, ta ga tsakuwoyin da Fintan ya tara a kwano, ta ɗauki ɗaya ta juya ta. Sannan ta dubi Fintan, wanda shigowarsa ke nan.

"Ka gaya mata?"

"Na manta," in ji Fintan.

"Yesu da Maryamu," in ji tsohuwar a hankali. "Je ka ɗauko mota. Fada Malachy za mu ɗauko."

Fada Malachy Devane limamin coci ne da ya daɗe da yin ritaya, yana zaune a wani ɗan gida kusa da teku cikin littattafai. Ya yi karatu mai zurfi a ƙasashen waje, amma a ƙauye aka haife shi, da tsohon yaren ya fara magana, kuma ya san abin da ba a koyarwa a makarantar limamai game da mutanen ɓoye, waɗanda a nan ba a kiran sunansu, sai dai a ce mutanen kirki. Suka je suka gaya masa, ya zo washegari da yamma, dogo, ramamme, yana jan ƙafa. Ya ce a kashe gas, a kashe na'urar ɗumama gida, ko ashana kada a ƙyasta. Aka zaunar da Sorcha a kujerar kicin. Duhu ya fara taruwa a kusurwoyi, gidan ya yi sanyi, ba abin da ake ji sai ɗigar famfo.

Ya buɗe littafinsa ya yi addu'a mai tsawo. Yarinyar tana kallon bango. Da ya gama sai ya rufe littafin, ya ja kujera ya zauna a gabanta, ya gaishe ta da tsohon yaren kamar yadda ake gaida babbar mace.

Kan Sorcha ya juyo a hankali.

"Ka iya gaisuwa," in ji muryar. "Na ɗauka duk kun manta."

"Wace ce ke, uwata?"

"Ka sani. Na ga masu irin rigarka tun suna zuwa da ƙafa ba takalmi. Na farkonsu ya sa wa ruwana albarka, muka yi alkawari da shi. Ku sha da sanyinsa, ku ɗaura tsumma, ku bar mini kifina. Ban taɓa hana kowa ba. Makafi sun zo, masu ƙurji sun zo, matan da suka rasa haihuwa sun zo. Me na karɓa a wurinsu? Tsumma da tsakuwa."

Fada yana juya maganar ga iyayen da ƙaramar murya. Fintan ya kasa haƙuri. "Ka ce mata ita ta fara! Da ba ta ɓata mana ruwan famfo ba, me zai kai ni can?"

Bakin yarinyar ya yi dariya, idanunta ba su yi ba. "Wannan jan ruwan? Ba ruwana da shi. Ƙarfenku ne yake ruɓewa a ƙarƙashin ƙafafunku. Ku kuka binne shi, ku kuka manta da shi."

"Me kike nema?" in ji Fada.

"An dafa mini ɗa. Ɗa nake nema."

Fintan ya dubi matarsa, bai fahimta ba. Sannan ya zube a gwiwa. "Ni na ɗebo. Ni aka gaya wa na manta. Ki ɗauke ni."

"Kai ɗauka kawai ka yi, kamar jaki. Ba da kai nake ba."

"Matar nan ba ta sani ba," in ji Fada. "An umarce su su tafasa duk ruwan da za su sha. Tsoron lafiyar 'yarta ne ya sa ta. Ke uwa ce, kin san wannan tsoron."

"Ba ta sani ba?" Muryar ta yi ƙasa, famfon kicin ya fara rawa. "Na riƙe ruwan nan da duk ƙarfina. Ta tsoma yatsa ta ji ni. Tambaye ta abin da ta yi bayan nan."

Fada ya juya ya dubi Dervla. Ita kuwa ta taka zuwa taga, ta ɗauko tukunyar furen, wanda ya riga ya bushe ƙurmus, ta ajiye a kan tebur.

"Na ji," ta ce. "Na ji sanyin, Fada. Na ƙara wuta, na rufe, na danne. Na ji kukansa ma."

Fada ya koma ga yarinyar. "Uwata, ki saurare ni. Wannan 'yar ba za ta rayu a ruwanki ba. In kin ja ta, gawa za ki samu, ta biyu a kan ta farko. Mutane za su zo da motoci su cike rijiyar da siminti, su sare itacen, a binne ɗanki a tukunyar fure har abada. Ki bari a mayar miki da shi gida, a yi masa abin da ya dace. Ki faɗi wani abu da za a iya biya."

Tsakuwa ɗaya ta faɗo daga sama ta gangara ƙarƙashin tebur.

"Hannun da ya danne murfin," in ji muryar. "Ɗuminsa nake so. Ta kawo mini shi da kanta."

Fada ya ɗaga hannu. "Dervla, kada ki yi saurin amsawa. Su ba sa mayar da abin da suka karɓa. Bari in ƙara..."

"Na yarda," in ji Dervla.

Suka fita da sauran hasken yamma, suka tsallaka katanga, Fintan yana ɗauke da 'yarsa a kafaɗa. Misis Keaveney ta nuna musu yadda ake zagaya rijiyar, ta hannun dama, yadda rana take tafiya. Dervla ta tono ɗan kifin da yatsunta ta kwantar da shi a gindin itacen ƙaya, ta jera masa fararen tsakuwoyin da aka jefe su da su. Ta yago gefen rigar makarantar Sorcha, wadda tsatsa ta rina, ta ɗaura a reshe. Sannan ta durƙusa, ta naɗe hannun riga, ta tsoma hannunta na dama har wuyan hannu.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce daga baya ji ta yi kamar wani ya riƙe hannun da hannu biyu, ya daɗe yana riƙe da shi, sannan ya saki.

A bayanta Sorcha ta sarƙe, ta yi tari, ta amayar da ruwa garau a kan ciyawa. Ta ɗago tana rawar ɗari ta ce, "Mama? Me muke yi a nan? Ina takalmina?"

Tun daga ranar ba a sake jifa ba. Kafin bazara rijiyar ta ƙafe, sai laka da ganye, kuma ba ta sake kawo ruwa ba. Ruwan famfo kuwa ya ci gaba da zuwa ja har tsakiyar hunturu, sai da mutanen unguwa suka yi ta sintiri da kwalabensu, sannan aka zo aka haƙe titi aka fitar da bututun da suka ruɓe. Dervla ta bi gida gida ta ce ciwon 'yarta ba daga famfo ba ne. Wasu sun yarda, wasu sun ce kunya ce ko an toshe mata baki.

Hannun Dervla na dama yana aiki. Yana riƙe cokali, yana ɗaure igiyar takalmi. Amma ko ta tsoma shi a ruwan zafi ba ta jin komai, kuma duk wanda ya gaisa da ita sai ya yi saurin janye nasa. A wurin aiki tsofaffi suka fara kaucewa idan ta miƙo shi, har ta koyi taɓa su da hagu.

A ƙarshen hunturun nan mura mai zafi ta kama Sorcha, irin wadda kowane yaro yake yi. Dervla ta shiga ɗakinta da safe ta gan ta kwance, kumatu sun yi ja, kafin ta tuna har ta ɗora hannun dama a goshinta kamar yadda ta saba tun yarinyar tana zanin goyo. Ba ta ji komai ba. Ko zazzaɓi, ko ɗumin fatar 'yarta. Yarinyar ta zabura don sanyin, uwar ta yi sauri za ta janye.

Sai Sorcha ta kama hannun da nata biyu, ta mayar da shi kan goshinta, ta lumshe ido.

"Bar shi a nan, Mama," ta ce. "Yana da daɗi."

Dervla ta zauna a bakin gadon, ta bar shi.

Ƙurunƙus kan ɗan kifi. Ta tafi, ta bar mu da ruwan da ke kofunanmu.